Kuramen Da Suka Haska

Masu turo min saƙo kuna cewa in yi haƙuri, na gode, Allah ya bar zumunci. Amma ku dakata ku ji abin da ya faru tukuna. In kun gama sai ku nuna min inda zan ajiye haƙurin, don ni dai na lalube jikina kaf ban ga sauran wuri ba.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: ni ce auta a gidanmu, kuma ni kaɗai na rage ban yi aure ba. Wannan maganar ita ce karin kumallona, ita ce abincin darena. Aikina a ɗakin binciken magunguna yake, a saman wani dogon gini da tagoginsa ba sa buɗuwa. Ƙwayoyin halitta nake kiwo, irin ƙananan nan da aka gina jikin mutum da su, waɗanda ido ba ya gani sai da madubi mai ƙara girman abu. Suna kwance a kwalaben roba masu faɗi, cikin wani ruwa ja-ja da yake abincinsu, a cikin akwatin da ɗuminsa daidai yake da na jikin mutum. Umma ta hana ni faɗa a gaban baƙi cewa ƙwaya nake kiwo, wai kada a ɗauka wani abu ne.

Bari in yi muku bayanin aikin a gurguje, don in ba ku gane shi ba, ba za ku gane cin amanar ba. Kowace ƙwaya tana da 'yan ƙofofi a fatarta. Magani in ya shiga jiki ƙofa yake nema ya ƙwanƙwasa. In ya dace da tasa, ta buɗe, saƙo ya shiga ciki, ciwo ya lafa. Matsalar ita ce ba mai iya ganin buɗuwar ƙofar. To nan nawa aikin yake. Na dasa wa ƙwayoyina wani ɗan sinadari a ciki, wanda yake ba da koren haske da zarar saƙo ya shigo. Sai ka zuba ƙwayoyin a faranti, ka ɗiga musu magani, ka tura shi cikin na'ura, na'ura ta auna hasken ta zana maka layi a kwamfuta. In layi ya tashi, ƙofa ta buɗe. In ya kwanta, maganinka da ruwan famfo duk ɗaya. Shi ya sa a wurin aiki ba mai kira na da sunana, Fitila suke ce min.

Sannan ina da wasu ƙwayoyin da nake kira kurame. Su ma suna da fitilar, amma na cire musu ƙofar da muke nema. Ko me ka ɗiga musu bai kamata su amsa ba. Su ne shaiduna. In masu ƙofa suka haska, kurame suka yi shiru, magani na gaskiya ne. In kurame ma suka haska, to maganin ba ta ƙofa ya shiga ba, katanga ya fasa. Irin wannan ba magani ba ne, ɓarna ce.

Shi kuma mutumin nawa, a ƙasanmu yake aiki, a sashen masu haɗa sinadarai. Boka muke ce masa, saboda kullum yana cikin kwalabe da hayaƙi yana dame-dame. Dogo ne, mai sanyin murya, farar rigar aikinsa kullum a goge kamar ba ya taɓa komai. Ya iya gaisuwa, ya iya sauraro, kuma in yana maka magana sai ka ɗauka duk duniya ba abin da ya dame shi sai kai.

A wurinmu akwai abin da ba a yi: ba ka taɓa ƙwayoyin wani. Za ka iya aron kujerar mutum, ka sha shayinsa, har ka buɗe jakarsa ka ɗauki biro, amma ba ka buɗe masa kwalba. Numfashi ɗaya a inda bai kamata ba, hannu ɗaya da ba a goge ba, aikin shekara ya ruɓe. Bara da aka kwantar da Umma a asibiti, ni ce mai jinya, ga ƙwayoyina suna bukatar a canja musu ruwa, ba wanda na yarda da shi. Boka ya ce in koya masa. Na tsaya a kansa na nuna masa yadda ake ɗumama ruwan, yadda ake karkata kwalbar, yadda ba a magana in murfi yana buɗe. Duk ranar da ya ciyar da su sai ya turo min hoto ina zaune a gefen gadon Umma, ya rubuta: “Sun ci sun ƙoshi, suna gaida mai jiki.”

Ku yi dariya in kuna so. Wasu da turare ake sace zuciyarsu, wasu da mota. Ni da hoton kwalba aka sace tawa.

Tun daga nan Umma ta ɗauke shi ɗa. Dakta take ce masa, in ya zo har kujerar Baba take nuna masa. Baba ne kaɗai ya ja birki, ya ce aikin yaron na kwantiragi ne, kuma ya kusa ƙarewa, in ya samu tsayayye iyayensa su zo a yi magana. Boka kuwa duk begensa yana kan wani garin magani ruwan ɗorawa da ya daɗe yana haɗawa, na ciwon jijiya. Wani kamfanin magunguna ya ce zai turo mutanensa ranar Laraba su ga sakamako. In ya yi musu, su ɗauki maganin, su ɗauki mai shi aiki. Kun ga ke nan aurena yana rataye a wuyan layin da na'urata za ta zana.

Na gwada a kan masu ƙofa. Layi ya tashi kamar zai fasa kwamfuta. Na sake washegari, ya tashi. Na sake, ya tashi. Dole ne a maimaita, don Farfesa, matar da take shugabantar ɗakinmu, tana da doka ɗaya da ba ta ɗaga wa kowa: ba a furta sakamako a taro sai an gan shi sau uku a ranaku daban-daban. Na taɓa ganin ta sa wani ɗalibi ya tattara takardunsa ya fita a gaban baƙi saboda ya ce “na gani jiya.” Ta ce masa jiya ido ne ya gani, ba ilimi ba.

Boka bai jira na gama ba, ya buga wa Umma waya. Kafin in isa gida ta sa an sauko da akwatuna daga saman kabad, ɗakinta ya cika da yadi da takalma da zanin gado, Yaya, babbar yayata, tana zaune a tsakiya da waya a kunne tana sanar da dangi. Na ce musu saura gwaji ɗaya. Yaya ta ce, “Ke dai Allah ya yaye miki saura.”

Ranar Alhamis kurame suka isa gwaji. Na ɗiga musu garin Boka, na tura faranti, na juya ina cire safar hannu ba tare da wata fargaba ba. Da na waiwayo, layi ya tashi. Tsayinsa ɗaya da na masu ƙofa.

Na zauna. Na duba ko na ɗauki kwalbar da ba ita ba. Ita ce, ga rubutun hannuna a jiki. Na kai farantin ƙarƙashin madubi, sai na ga ƙwayoyin sun kumbura, gefensu ya yi yage-yage. Wallahi a lokacin ban tuna masu ciwon jijiya ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Akwatunan Umma na tuna.

Na sami Boka a ɗakin shan shayi shi kaɗai, yana juya cokali a kofi.

“Fitilata, ya na ga fuskarki haka?”

“Kurame sun haska.”

Cokalin ya tsaya. “Kamar yaya sun haska?”

“Kamar yadda masu ƙofa suka haska. Maganin ba ƙofa yake buɗewa ba, fatar ƙwayar yake yagawa.”

“Sau nawa kika gwada?”

“Yau ne farko. Litinin zan sake, Talata in sake.”

Ya yi murmushi, irin wanda ake yi wa yaro mai rigima. “To ai ba ki ga komai ba ke nan. Kin san dokar Farfesa.”

“Shi ya sa zan sake.”

“In kika sake suka sake haskawa fa?”

“Sai mu faɗa.”

“Mu faɗa.” Ya ajiye kofin a hankali. “Ki saurare ni. Kamfanin nan suna da nasu na'urorin, za su yi nasu gwajin. In da matsala, can za su gano, a lokacin ina cikinsu, ni zan gyara da hannuna. Ba wanda za a ba maganin nan gobe. Wa kika cuta in kin ɗan jinkirta?”

“Sunana ne a ƙarƙashin layin.”

“Sunanki.” Ya kalle ni daga sama har ƙasa. “Ni ina maganar rayuwarmu, ke kina maganar sunanki.”

Ku faɗa min, 'yan'uwa, me ake cewa a nan? Na tsaya kamar wadda aka kama da sata, ni da ban ɗauki komai ba. Shi ne ma ya matso kusa da ni ya ce kada in damu, gajiya ce, in je gida in huta.

A gida na tarar labari ya riga ni. Umma tana zaune a bakin gado tana ninke yadi, ba ta amsa sallamata da kyau ba.

“Auta, zo nan. Me ya haɗa ki da Dakta?”

“Ba komai, Umma. Aiki ne.”

“Aiki ne zai sa yaro ya kira ni murya na rawa? Ya ce kina nema ki zubar masa da wahalar shekara da shekaru saboda wasu kurame. Su waye kurame?”

Na yi mata bayani iya iyawata. Ƙofa, haske, katanga. Tana ji tana gyaɗa kai, hannunta bai daina ninki ba.

“Yanzu dai abin nan a kwalba yake?”

“Eh, Umma.”

“Ba mutum ba ne?”

“Ba mutum ba ne, amma wata rana mutum za a ba.”

Yaya ta sheƙe da dariya daga bakin ƙofa. “Wata rana! Ke wata ranar taki yaushe za ta zo? 'Yar da sai da na goya ki kafin na goya ta, ga ta can da ciki na biyu. Ke kina nan kina gadin kurame.”

“Yaya, don Allah.”

“Don Allah me? Namiji ya zo har gida, mai ilimi, mai ladabi, ya yi miki hidimar da ko ɗan'uwanki bai yi ba. Sai da ya zo gaɓar tsallakewa za ki ja masa ƙafa?”

Umma ta ɗaga wa Yaya hannu ta tsayar da ita. Sannan ta dube ni, muryarta ta sauko, wadda ta fi faɗan ciwo. “Ni ban san boko ba, Auta. Abin da na sani, na kwanta asibiti na ga yadda ake fita da mutane a rufe. Ina so in gan ki a ɗakinki kafin a fita da ni.”

Na shiga ɗakina na cire mayafi na kwanta da takalmi a ƙafata.

Ranar Asabar ce ranar canja wa ƙwayoyina ruwa. Na shirya da safe, na saka doguwar rigata baƙa, na rataya jaka, sai Umma ta tare ni a tsakar falo. Wai tela zai zo awo, daga nan mu je gaida mahaifiyar Boka da ba ta jin daɗi, kuma ba inda zan je. Na ce awa biyu kawai. Ta ce ko minti biyu. Ina tsaye ina neman abin faɗa wayata ta yi ƙara.

“Na ji Umma ta riƙe ki. Kada ki damu, ina kusa da ofis. Zan ciyar miki da su kamar da.”

Na daɗe ina kallon saƙon. In na ce a'a, na ce masa ban yarda da shi ba ke nan, mutumin da nake shirin zama da shi har mutuwa. Na ce a raina, ke ma kin cika zargi, wanda ya riƙe miki su wata guda kina asibiti shi ne zai cuce ki yau? Sai wani saƙon ya shigo: “Ki yafe min maganar ranar nan. Tsoro ne ya sa. Duk abin da gwaji ya nuna, shi ne.”

Na rubuta masa: “Na gode. Ka ɗumama ruwan sosai.”

Tela ya zo ya yi ta zagaye ni da igiyar awo. Aka zaɓa min wani yadi ruwan hoda mai ƙananan duwatsu a wuya, wanda ko kusa ba irin nawa ba ne, Umma tana ta shafa shi tana cewa ya karɓe ni. Mahaifiyar Boka kuwa da muka je, lafiyarta ƙalau, ita ta buɗe mana ƙofa. Da yamma hoto ya shigo, kwalabe a jere cikin akwatin ɗumi. “Sun ci sun ƙoshi.” Na yi murmushi kamar wawuya, ban ƙirga kwalaben ba.

Litinin da sassafe na shiga ɗakin aiki. Tun daga bakin ƙofa warin bilic, ruwan wankin nan mai cire launi, ya dake ni. Na buɗe akwatin ɗumi, masu ƙofa suna nan lafiya lau, ruwansu sabo, murfi a ɗaure daidai yadda na koya masa. Inda nake jera kwalaben kurame babu komai. Na same su a kwamin wanke-wanke, dukkansu, an tsiyaya musu bilic. Jan ruwan ya koma fari fat.

Da bilic muke kashe ƙwayoyin da muka gama da su. Ba ya barin ko ɗaya.

Ban san lokacin da na sauka ƙasa ba. Yana gaban teburinsa da gilashin kariya a fuska.

“Me ka yi wa kuramena?”

“Af, na manta ban gaya miki ba. Sun kamu da cuta. Na ga ruwan ya yi gauraye-gauraye, na ji tsoron kada su shafa wa sauran.”

“Su kaɗai suka kamu? Duka? A akwati ɗaya da sauran?”

“Haka na gani.”

“Ka ɗauki hoto?”

“Ban yi tunanin sai na kawo miki shaida ba.” Ya cire gilashin, ya sassauta murya. “Ai kina da wasu a daskare. Ki farfaɗo da su.”

Ina da su, gaskiya ne, a cikin tukunyar sanyi. Amma ƙwayar da aka fitar daga ƙanƙara sai ta yi kusan mako biyu tana murmurewa kafin ta yi gwaji. Ya sani. Ni na gaya masa, da bakina, lokacin da nake jin daɗin samun namijin da yake tambaya ta game da aikina.

“Jibi ne taron,” na ce.

“To kin ga ba laifinki ba ne. Ba ki ɓoye komai ba, ba ki yi ƙarya ba. Sau ɗaya kika gani, doka ta hana ki faɗa. Na sauke miki nauyin.”

Wannan kalmar ce ta ƙona ni. Wai ya sauke min nauyi. Ya shiga inda ban taɓa barin kowa ya shiga ba, da makullin da na ba shi da hannuna, ya kashe shaiduna, sannan yana jira in gode masa. Na hau sama, na fitar da kwalba ɗaya daga tukunyar sanyi na narkar da ita.

Laraba ta zo. Mutum biyu kamfanin ya turo, wani dattijo mai yawan murmushi da wata mata mai ƙaramin gilashi wadda ba ta murmushi ko kaɗan. Farfesa tana kan tebur, mu ma'aikata muna jere a gefe. Boka ya sha kwat, ya tsaya gaban allo, kuma wallahi ya iya magana. Ya nuna layina yana tashi sama, ga sunana a ƙasa da manyan baƙaƙe. Har ya juyo ya ce, “Wannan aikin abokiyar aikina ne, ba ni da kamarta.” Dattijon ya tafa.

Sai matar ta ɗaga biro. “An gwada a kan ƙwayoyin da ba su da ƙofar?”

“Mun so,” in ji Boka, “sai aka yi rashin sa'a suka lalace. Ana farfaɗo da wasu.”

Ta rubuta wani abu. Ta kusa wucewa. Da na yi shiru na daƙiƙa biyar, da yanzu ana ɗinka min labule.

“An gwada,” na ce.

Kowa ya juyo.

“Na gwada ranar Alhamis. Sun haska daidai da masu ƙofa, kuma fatarsu ta yayyage.”

Farfesa ta cire gilashinta. “Sau nawa?”

“Sau ɗaya, Farfesa.”

“Sau ɗaya. A gaban baƙi.” Ba ta ɗaga murya ba, ba ta taɓa ɗagawa. “Ina sauran biyun?”

“An zuba wa ƙwayoyin bilic ranar Asabar.”

“Wa ya zuba?”

Na kalle shi. Yana kallon allo kamar ba da shi ake ba.

“Wanda na ba ya ciyar min da su.”

“Kika ba wani ƙwayoyinki ana tsakiyar gwaji.” Ta mayar da gilashin. “Tashi ki ba mu wuri. Za mu yi magana.”

Ni aka kora. Ku ji da kyau, ni na tattara takarduna na fita a gaban baƙi, shi yana tsaye da kwat ɗinsa. Daga baya na ji kamfanin sun ce za su dakata sai sakamakon kurame ya fito cikakke. Farfesa kuma ta aiko min cewa in gwajin bai maimaita abin da na faɗa ba, in nemi wani wurin aiki, don ba ta zama da mai ɓata sunan abokin aiki da gani ɗaya.

Na isa gida da la'asar, na tarar da motoci biyu a ƙofa. Ashe Boka ya riga ya shirya iyayensa su zo ganin Baba a ranar, don ya tabbata zai fito daga taron da aiki a hannu, kuma bai fasa ba. Yaya ta ja ni ta ƙofar baya zuwa ɗakin Umma. Rigar ruwan hodar tana shimfiɗe a kan gado, an goge ta. Wayata ta yi ƙara.

“Ban gaya wa kowa abin da kika yi min ba. Gobe ki je wurin Farfesa ki ce kwalba kika rikita. Shi ke nan, ya wuce. Ina falo ina jiran ki.”

Umma ta shigo da sauri, ta sha ado, tana ƙamshi. “Maza saka rigar, mutane na jira.”

“Umma, ba zan fita ba. Kin san abin da ya yi? Ya shiga ya kashe min ƙwayoyina ranar Asabar.”

Na zaci za ta dafe ƙirji. Sai ta ɗauki mayafin ta warware shi tana karkaɗewa.

“Na sani.”

“Kin sani?”

“Ya ce min in babu su, babu rigima. Na ce to a kawar da su mana. Ya ce ba za ki bari ba. Na ce ya bar min ke.”

Na nemi bakin gado na zauna, a kan rigar ma. Tela, awo, tsohuwar da ba ta jin daɗi. Uwata ce ta riƙe ni a falo tana shafa yadi, ana can ana tsiyaya bilic.

“Umma, aikina ne. Shekaruna ne a cikin kwalaben nan.”

“Ruwa ne a kwalba, Auta. Ke kuwa 'yata ce. In aka ce in sake, zan sake.” Idonta ya kawo ruwa, kuma na san ba na ƙarya ba ne. “Tashi, kada ki kunyata ni.”

Daga falo Baba ya ɗaga murya, “Auta!”

Na fita da baƙar rigar da na yini da ita, ko hoda ban shafa ba. Na durƙusa na gaida mahaifinsa, na gaida mahaifiyarsa. Boka yana gefe yana min murmushin nan nasa. Baba ya ce, “To, ga iyayenki sun zo da maganar alheri. Na ce sai na ji ta bakinki.”

“Baba, a ba su haƙuri,” na ce. “Na fasa.”

Mahaifiyarsa ce ta fara jan mayafinta. Baba ya daɗe yana kallona, sannan ya juya ya fara ba su haƙurin, kalma ɗaya-ɗaya, kamar mai tauna tsakuwa. A bayana na ji Umma ta ajiye farantin kofuna a ƙasa, ta koma ciki.

Tun ranar ba ta yi min magana ba. In na gaishe ta sai ta amsa wa bango. Da safe na kai mata shayi, na dawo da yamma na same shi yadda na ajiye. Akwatunan an mayar da su saman kabad, Yaya ta cire ni daga zauren hirar gidanmu na waya. A wurin aiki in muka haɗu da Boka a matakala, matsawa yake ya ba ni hanya da ladabi, mutane suna kallona ni ce muguwa.

Yanzu haka da nake rubuta muku ina zaune a gaban madubin duba ƙwayoyi. Kuramen da na narkar sun fara kama gindin kwalba, 'yan ƙalilan, a warwatse, ba su isa gwaji ba tukuna. Ba mai ciyar da su sai ni. Kuma ga abin da ban iya gaya wa kowa ba sai ku: tun jiya nake ƙoƙarin tuna rubutun da ke jikin kwalbar ranar Alhamis. Na san na duba. Na rantse na duba. Amma kwalbar tana cikin shara, an wanke ta da bilic, kuma duk lokacin da na rufe ido don in ga rubutun, sai ya ƙara dushewa.

Na rabu da miji, na rabu da uwa, aikina yana lilo. In suka girma na ɗiga musu garin nan suka yi shiru, ban san da wace fuska zan shiga ɗakin Umma ba.